Labarin Likita Virchow, Wanda Ya Tafi Neman Zazzaɓi Ya Tarar da Yunwa

A cikin likitocin Turai na ƙarni na 19 da wuya a sami wanda sunansa ya cika littattafan koyon likitanci kamar Rudolf Virchow, mutumin ƙasar Jamus. Mutanensu su kan furta sunan kamar Firho. Mutumin nan ya bar gado iri biyu. Ɗaya makarantun likita suka rungume shi nan da nan, ɗayan kuwa suka daɗe suna jan ƙafa a kansa. Labarin na biyun na fi so in ba ku, 'yan'uwa, gama ya shafi malamin makaranta kusan yadda ya shafi likita, amma ba a gane shi sai an bi mutumin tun daga farinsa.

An haife shi ran 13 ga watan Oktoba, 1821, a wani ƙaramin gari wai shi Schivelbein, cikin mulkin Sarkin Purushiya. Garin yanzu yana cikin ƙasar Foland. Ubansa manomi ne, shi ne kuma ma'ajin garin, ba shi da wani ɗa sai shi. Yaron ya tashi da kaifin hankali, ya koyi Latin da Girkanci da Ibrananci tun yana ƙarami, amma gidansu ba mawadata ba ne. Saboda haka a cikin 1839 ya shiga wata makaranta a birnin Balin inda Gwamnati ta ke koya wa 'ya'yan marasa ƙarfi likitanci kyauta, bisa sharaɗin in sun gama su yi wa soja aiki. Takardun da ya riƙa aika wa ubansa daga can suna nan har yanzu, da yawa cikinsu kuwa kukan rashin kuɗi ne. Ya sami malamai nagari, musamman Johannes Müller, ya gama a cikin 1843, aka ba shi aiki a babban asibitin Balin da a ke kira Charité.

Aikin da ya faɗa hannunsa shi ne buɗe gawawwakin waɗanda suka mutu a asibiti don a ga abin da ya kashe su. Aiki ne da ba kowa ke so ba, shi kuwa a nan ya yi suna. A cikin 1845 ya duba jinin wata mace da ta mutu, ya ga fararen ƙwayoyi sun rinjayi jajaye, ya bayyana cutar, daga baya ya raɗa mata sunan da likitoci ke kiranta da shi har yau, wanda ma'anarsa farin jini. Wani likita a Sikotlan, John Hughes Bennett, shi ma ya bayyana ta a shekarar. Ya kuma nuna yadda gudan jini kan daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle, jini ya tafi da shi har ya toshe hanyar huhu. A cikin 1847, shi da abokinsa Benno Reinhardt suka kafa mujallar binciken cuta wadda har yanzu a ke bugawa da sunansa. Duk wannan bai kai shekara ishirin da shida ba.

To, ana nan sai labari ya iso Balin cewa annoba ta faɗa wa Silesiya ta Tudu, wani lardi a can kudu maso gabashin mulkin Purushiya. Zazzaɓi ne mai zafi, mai fitar da ƙuraje a jiki, wanda likitoci ke kira taifus. Jaridu suka yi ta surutu har Gwamnati ta ji kunya, ta aiki wani babban jami'in lafiya, Likita Barez, ya dubo, aka haɗa shi da Virchow don ya binciki irin cutar. Suka tashi ran 20 ga Fabrairu, 1848, Virchow ya komo Balin ran 10 ga Maris. Bai cika mako uku ba ke nan, amma shi da kansa ya ɗauki tafiyar nan a kan ita ce tushen aikinsa na sauran rayuwa.

Ga abin da ya tarar a ƙasashen Rybnik da Pless. Talakawan wurin harshen Foland su ke ji, masu mulkinsu kuwa Jamusanci, har ya zama mai kuka da wanda a ke kai wa kukan ba su jin maganar juna. Abincinsu dankalin Turawa ne da kabeji mai tsami da ɗan nono, ga shi kuwa dankalin ya yi shekaru yana ruɓewa a gona. Gidajensu na gungumen itace ne, sau da yawa ɗaki guda, a ciki a ke dafuwa, a ciki a ke kwana, saniya ma in akwai ta a nan ta ke, ƙarƙashin gado kuwa rami ne na ajiyar dankali. Da sanyi ya tsananta sai a rufe ko ina, mai lafiya da maras lafiya su cuɗu wuri guda. Ya ga yara ba takalmi a cikin ƙanƙara, ya ga marayu da yawa. A ƙasar Pless kaɗai, ya rubuta cewa wajen mutum ɗaya cikin goma ya mutu a shekara guda, waɗansu da zazzaɓi, waɗansu da yunwa tsagwaronta, mafi yawa kuwa da su biyun a haɗe.

Abin da a ke jira daga saurayin likita shi ne ya kwatanta zazzaɓin, ya faɗi magani, ya yi shiru. Kwatancin kam ya yi shi filla filla, har da abin da ya gani cikin gawawwaki. Amma da ya zo kan dalili sai ya ƙi tsayawa inda aka so. Ya ɗora laifi a kan mutum uku. Na fari masu manyan gonaki, waɗanda ke karɓar amfanin ƙasar su tafi manyan birane su kashe, ba su san halin masu yi musu noma ba. Na biyu ma'aikatan Gwamnati, waɗanda suka ga yunwa tana tafe tun da nisa, suka amsa ta da takardu da dokoki. Na uku malaman coci, waɗanda a ganinsa suka bar mutane cikin jahilci. Ya kasa annoba kashi biyu, akwai wadda yanayi ke kawowa, akwai kuma wadda mutane ke ƙerawa da hannunsu ta wajen yadda suka tsara zamansu, ta Silesiya kuwa a cikin kashi na biyu ya sa ta.

Takardar maganin da ya rubuta ita ce abin mamaki, gama kusan babu abin sha ko na shafawa a cikinta. Ya ce a ciyad da mayunwata yanzu yanzu, wannan kam tilas ne. Bayan haka a buɗe makarantu, a koya wa yara karatu cikin harshen iyayensu, mata da maza. A bar mutanen ko wane gari su riƙa gudanad da sha'anin garinsu. A sauke haraji daga kan matalauta a mai da shi kan mawadata. A gyara hanyoyi, a kyautata noma, a taimaki manoma su haɗa kai cikin ƙungiyoyi, a gina rumbunan tsimi saboda shekarar da abinci ya ƙi. Ku duba fa, 'yan'uwa, likita ne aka aika ya dubo zazzaɓi, ya komo yana neman malaman makaranta. Hujjarsa ita ce wanda bai iya karatu ba, ba shi kuma da bakin magana a garinsu, ko an warkad da shi bana baɗi zai sake kwantawa. Ba na cewa duk abin da ya rubuta daidai ne. Ya yi wa talakawan nan kansu kalmomi masu zafi, ya kira su malalata masu ƙazanta, ko da ya ke ya ce zalunci ne ya mai da su haka. Amma wanda ya karanta rahoton ya san mai shi ya shiga ɗakunan da ƙafarsa.

Kwana takwas da komowarsa sai Balin ta yamutse. Shekarar 1848 shekarar tawaye ce a Turai, ran 18 ga Maris mutanen birnin suka tare tituna da shinge suka yi faɗa da sojan Sarki, Virchow kuwa yana cikin masu shingen. Daga watan Yuli shi da Rudolf Leubuscher suka riƙa buga jarida ko wane mako a kan gyaran likitanci. A cikinta ne shi da abokinsa Salomon Neumann, likitan matalauta na Balin, da waɗansu suka shimfiɗa ra'ayin nan: lafiyar jama'a nauyi ce a kan hukuma, talauci da wurin kwana da irin sana'a suna kawo cuta, wajibi ne a bincike su da ƙididdiga yadda a ke binciken jini, likita kuma shi ya fi cancanta ya tsaya wa matalauta, tun da shi ke shiga gidajensu. Suka nemi a rage sa'o'in aiki a masana'antu, a hana sa ƙananan yara aiki mai nauyi, a kuma gyara yadda a ke koyad da likitoci. A shekarar nan ce wani likita na Faransa, Jules Guérin, ya yi amfani da sunan da aka san wannan fanni da shi, watau likitancin jama'a.

Tawayen bai yi nasara ba. Sarki ya komo da ƙarfinsa, jaridar ta mutu a watan Yuni na 1849, aka dakatad da Virchow daga aiki, da aka mai da shi kuma sai aka rage masa abin da ya ke samu. Jami'ar Wurzburg a ƙasar Bavariya ta kira shi, bayan an karɓi alkawari daga gare shi cewa ba zai mai da wurin fagen siyasa ba. Ya auri Rose Mayer a cikin 1850, suka haifi 'ya'ya shida.

Shekara bakwai ya yi a Wurzburg, kansa a sunkuye bisa madubin likita. A nan ya kammala ra'ayin da ya girgiza likitanci. Tun zamanin Girkawa likitoci na cewa cuta daga rikicewar ruwayen jiki ta ke. Shi kuwa ya nuna jiki taron ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, ko wace ƙwaya daga wata ƙwaya ta fito, cuta kuma canji ne da ke aukuwa cikin ƙwayoyin nan. Gaskiya ita ce wani mai bincike, Robert Remak, ya riga shi nuna yadda ƙwaya ke rabuwa biyu, Virchow bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Ko a wannan lokaci bai manta da Silesiya ba, gama a cikin 1852 ya tafi duwatsun Spessart ya rubuta rahoto a kan yunwar da ta sami mutanen can.

A cikin 1856 Balin ta nemi wanda ta kora, har ta gina masa gidan bincike na kansa. Bayan shekara biyu ya yi wa likitocin birnin lacca ishirin, aka tara su littafi a cikin 1858, aka juya shi cikin harsuna da yawa. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila da Amurka da Rasha da Japan. An shimfiɗa 'yar hanyar ƙarfe a kan teburin ajinsa, madubin likita na tafiya a kanta daga gaban wannan ɗalibi zuwa gaban wancan. Malami ne mai tsanani, mai kaifin harshe, ɗalibai na tsoron jarrabawarsa. A nan fa gadon nan biyu suka rabu. Abin da ya koyar a aji, aka jarraba ɗalibai a kansa, labarin ƙwaya ne. Labarin yunwa da gidaje kuwa ba shi da aji, ba shi da jarrabawa, sai ya ɗauke shi ya kai majalisa.

A cikin 1859 aka zaɓe shi majalisar birnin Balin, bai bar ta ba har mutuwarsa. Birnin a lokacin yana kumbura, mutanensa sun wuce 800,000 a cikin 1871, ga shi ba shi da magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa. Ruwan wanke-wanke da na bayan gida a kwatocin bakin titi ya ke kwance, da dare a bi gida gida ana kwashe bokitai, matalauta da yawa kuma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa su ke zaune. Kwalara ta 1866 ta kashe dubbai. Virchow ya zauna ya tattara lissafin mutuwa unguwa unguwa, ya nuna inda jarirai suka fi mutuwa, ya yi shekaru yana gardama da masu cewa kuɗin ya yi yawa. A cikin 1873 aka soma aiki bisa tsarin injiniya James Hobrecht. Aka kasa birnin kashi goma sha biyu, ko wane kashi da bututunsa da injin da ke tura ƙazantar bayan gari, inda a ke malala ta cikin gonaki ta zama taki. Zazzaɓin hanji ya ragu ƙwarai bayan wannan. Shi ne kuma ya matsa a riƙa duba naman alade da madubi saboda wata tsutsa da ke shiga tsokar mutum, ya sa hannu wajen gina asibitocin birni da makarantar masu jiyya, ya yi rubutu a kan iska da haske da kujerun ɗakin karatu na yara.

Siyasar ƙasa ma bai bar ta ba. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar masu neman ci gaba a cikin 1861, ya shiga majalisar Purushiya a shekara mai biye, daga 1880 zuwa 1893 kuma yana majalisar Jamus duka. A cikin 1865, ana gardamar kuɗin jiragen yaƙi, ya yi shakkar gaskiyar Bismak, babban wazirin Sarki, a bainar jama'a. Bismak ya fusata ya aika masa su fito su yi fito-na-fito da makami, yadda manyan Turai kan yi a lokacin. Likitan ya ƙi, ya ci gaba da binciken lissafin baitulmali, wanda ya fi yi wa wazirin ciwo.

Akwai wani aiki nasa da ya dace malamai su sani. Ya sa aka duba launin gashi da ido da fata na 'yan makaranta wajen 6,760,000 a Jamus, malamansu ne kuwa suka yi ƙidayar. Da aka buga sakamakon a cikin 1886 sai ya nuna Jamusawa gauraye ne, masu farin gashi da shuɗin ido ba su kai sulusi ba, a cikin 'ya'yan Yahudawa ma akwai masu farin gashi. Masu fahariya da tsarkin jini ba su ji daɗin wannan ba. Ya kuma yi sha'awar tonon kufai, ya tafi Taroya a cikin 1879 da Masar a cikin 1888 tare da Heinrich Schliemann.

Da ya tsufa sai zamani ya soma wuce shi. A cikin 1882 Robert Koch, a birnin Balin ɗin nan, ya nuna ƙwayar cutar da ke kawo tarin fuka. Virchow bai musa akwai ƙwayoyin cuta ba, amma ya karɓi labarin da sanyin jiki, yana ganin samun ƙwaya bai isa ya bayyana abin da ya sa wannan ya kwanta wancan ya tsira ba. Ya yi taurin kai fiye da kima, kamar yadda ya ƙi kula da Semmelweis, wanda ya ce hannun likita maras wanki ke kashe masu jego, Semmelweis kuwa shi ke da gaskiya. Samarin likitoci suka bi Koch. Ba a ga laifinsu ba, gama ƙwaya ana ganinta a madubi, ana rena ta a kwalba, ana ba ɗalibi maki a kanta, talauci kuwa ba ya shiga kwalba.

A cikin 1899 ya buɗe gidan ajiyar sassan jiki masu cuta da ya tara, sun fi 20,000. Da ya cika shekara 80 a cikin 1901 masana suka taru daga ƙasashe da yawa don girmama shi. A watan Janairu na 1902 ya yi tsalle daga jirgin lantarki na cikin gari tun bai tsaya ba, ya faɗi ya karye a ƙugu. Bai sake samun ƙarfi ba, ya mutu ran 5 ga Satumba, 1902, birnin Balin ya ɗauki nauyin jana'izarsa.

Gadonsa na biyu ya daɗe a bakin ƙofar makaranta. Sai a cikin 1920 jami'ar Balin ta naɗa Alfred Grotjahn babban malamin wannan fanni, bayan 1933 kuwa mulkin Hitila ya kori da yawa daga masu wannan aiki. A Ingila John Ryle, wanda ya yi shekaru yana duba marasa lafiya a Landan, ya bar babbar kujerar likitanci ta Kambirij a cikin 1943 ya koma Oksfod don ya zama malamin likitancin jama'a na fari a can, abokan aikinsa da yawa suna mamakin wannan zaɓi. René Sand ya sami irin wannan kujera a Beljiyam a cikin 1945. A ƙasar Chile wani almajirin Virchow, Max Westenhöfer, ya koyar, likita Salvador Allende kuma, sa'ad da ya ke ministan lafiya a cikin 1939, ya rubuta littafi a kan albashi da abinci da gidajen talakawan ƙasarsa. A Afirka ta Kudu Sidney Kark da matarsa Emily suka buɗe gidan magani a Pholela a cikin 1940, inda ma'aikata ke bin gida gida suna ƙidayar mutane, suna koyad da noman lambu da haƙa masai, daga baya aka riƙa kai ɗaliban likita su koyi wannan hanya. Yau makarantun likita da yawa suna da sashen lafiyar jama'a, ko da ya ke sunansa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Saura zazzaɓin Silesiya kansa. Virchow ya mutu bai san abin da ke ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum ba. A cikin 1909 wani likitan Faransa a Tunis, Charles Nicolle, ya lura cewa masu taifus na harbin waɗanda suka karɓe su a ƙofar asibiti da masu wanke tufafinsu, amma da zarar an yi musu wanka an sake musu tufa sai su daina harbin kowa. Ya bi sawun abin, ya tarar ƙwarƙwata ce ke ɗauke da cutar. Ita kuwa ƙwarƙwatar tufa a ɗinkin riga ta ke zama ta yi ƙwai, tana yawaita a jikin wanda ba shi da riga ta biyu da zai sake, ba sabulu, ba itacen ɗumama ruwa, yana kwana manne da 'yan'uwansa a ɗaki guda saboda sanyi.